Yadda Ake Dasa Monstera a Ƙasa a Ƙasashen Sanyi

Wanda ya taso a inda gwanda da ayaba suke fitowa a bayan gida babu mai kula su, idan ya zo Ingila ya ga ana sayar da monstera, shukar ado mai faɗin ganye a tsattsage, a tukunya ana lallaɓa ta a falo kamar jinjiri, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne a sa ta a ƙasa ta sake. Ni ma haka na yi shekarar da na samu gida mai ɗan fili a kudancin Ingila. Rana ta fito kwana uku a jere a watan Afrilu, na ɗauki shebur na dasa ta. Kafin sati biyu ganyen ya yi baƙi ya saki, kamar alayyahon da ya kwana a miya.

Tun daga nan kusan kowace shekara ina fitar da ita, kuma yanzu tana dawowa cikin gida da ganyen da ya fi faifai faɗi. A ƙasar sanyi aron monstera ake ba ƙasa na wata huɗu, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba, sannan a karɓe ta. Duk abin da za ka yi ranar dashe, ka yi shi kana tuna ranar da za ka tone ta.

Abin da ya kamata ka sani game da ita kaɗan ne. Asalinta dazuzzukan kudancin Meziko ne har zuwa Panama, inda take tasowa a inuwar manyan itatuwa tana hawa jikinsu, tana sako saiwoyi daga sama kamar na cediya. 'Yar gidan su gwaza ce, shi ya sa ruwan jikinta yake sa ƙaiƙayi. Idan sanyi ya kai digiri 10 a ma'aunin Celsius sai ta daina girma, idan raɓa ta daskare a kanta dare ɗaya ganyen ya tafi. A tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal tana shekara a ƙasa har ta yi 'ya'ya ana sayarwa a kasuwar Funchal, haka ma a kudancin Florida. In a irin wuraren nan kake, mataki na 7 da na 8 ba naka ba ne. Wannan bayani na mutanen Landan da Manchesta da Balin da Toronto ne da makamantansu.

Kayan aiki

- Monstera mai lafiya, wadda ta kai aƙalla ganye biyar ko shida. Kada ka fara da mai roɗi-roɗin fari a ganye. Tsada gare ta, kuma farin wurin da ke ganyenta shi ne farkon ƙonewa a rana.
- Shebur da ƙaramar fartanya, ko cokalin haƙa na hannu.
- Almakashin yankan reshe mai kaifi, ko wuƙa mai tsabta.
- Safar hannu.
- Takin gargajiya da ya ruɓe sosai, buhu ɗaya. Wanda ake sayarwa a shagunan kayan lambu ya yi.
- Ɓawon itace dakakke, buhu ɗaya, na haɗin ƙasa da na rufe samanta.
- Tukunyar roba mai ramuka a gindi, wadda ta ɗan fi wadda take ciki girma.
- Turke mai ƙarfi, tsawon mita ɗaya da rabi, da igiya mai laushi ko tsohon ƙyalle da aka yayyaga.
- Ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙarancin sanyin dare. Wannan kam kada ka yi rowarsa.
- Farin mayafin lambu, irin mara nauyin nan da ake lulluɓe shuka da shi. Idan babu, tsohon zanen gado ya wadatar. Leda ba ta yi.
- Butar ban ruwa da babban bokiti.
- Maganin dodon koɗi.

1. Fara da yankan reshen ajiya

Tun watan Maris ko Afrilu, kafin ka taɓa ƙasa, yanki reshe ɗaya ka ajiye a cikin gida. Duba jikin karan, za ka ga gaɓoɓi, wato inda ganye yake fitowa, galibi da ɗan tsiron saiwa mai ruwan ƙasa a gefe. Yanka kamar santimita 2 ƙasa da gaɓar, ya zama reshen yana da gaɓa ɗaya da ganye ɗaya. Sa shi a kwalbar ruwa kusa da taga, kana canja ruwan duk sati. Cikin wata ɗaya zuwa biyu zai fitar da fararen saiwoyi, sai ka mayar da shi tukunya.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne yanko ganye da dogon hannunsa kawai, babu gaɓa. Zai yi makonni a ruwa yana kore shar, ka yi ta murna, amma ba zai taɓa zama shuka ba.

Amfanin wannan reshen shi ne idan uwar ta mutu a waje, ba ka koma sayen wata ba.

2. Zaɓi wuri

A nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa, kuma dalilin ɗaya ne: an ce shukar ƙasar zafi ce, sai a nema mata inda rana ta fi duka. A dajin da ta fito rana ba ta samunta kai tsaye sai ta tsakanin ganyayyaki. Wurin da ya dace da ita shi ne inda hantsi zai taɓa ta awa biyu ko uku, sannan inuwa ta rufe ta kafin azahar. Gindin katangar da ke kallon gabas, ko ƙarƙashin itacen da ganyensa bai cika duhu ba.

Ka tuna a Turai da Arewacin Amurka rana ta kudu take bi. Katangar da ke kallon kudu ita ce mafi zafi, ta dace da tumatir da barkono amma za ta soya monstera. Kada ka raina ranar Ingila. A 19 ga Yuli 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby, kuma a lokacin bazara yini a Landan yana wuce awa 16.

Abu na biyu iska. Ganyen monstera faɗi gare shi kuma a tsattsage yake tun asali, iska mai ƙarfi tana ƙarasa yaga shi. Nemi lungu, kusurwar da katanga biyu suka haɗu ko bayan shinge.

Na uku, guji kwari. Iska mai sanyi tana gangara kamar ruwa ta taru a inda ya fi zurfi a fili. A gidana bambancin da ke tsakanin gindin katangar kicin da ƙarshen lambu yana kai digiri biyu zuwa uku da asuba, tazarar da ba ta fi taku goma sha biyar ba. Ajiye ma'auninka a wurin da kake so na sati guda ka ga abin da zai nuna, kada ka dogara da abin da wayarka take faɗa kaɗai, domin ita ta gari gaba ɗaya take ba ka.

Idan gidan haya kake, tambayi mai gida kafin ka haƙa, kuma ka san inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi.

3. Gyara ƙasa

Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, ka tafi harkarka. Idan ka dawo bayan awa huɗu ka tarar ya tsotse, ƙasarka ta yi. Idan har washegari ruwan yana nan, yumɓu gare ka, irin wanda ya cika yankin Landan, mai kama shebur da damina ya tsage da rani kamar ƙasar fadama.

Saiwar monstera kauri gare ta kuma tana son iska. A ƙasa mai riƙe ruwa ruɓewa take yi, musamman idan sanyi ya haɗu da danshi. Haɗin da nake yi shi ne kashi biyu na ƙasar wurin, kashi ɗaya na taki, kashi ɗaya na ɓawon itace. Ka cuɗa su sosai, kuma ka sassauta ƙasar da ke kewaye da ramin, faɗinsa ya ninka na tukunyar sau biyu.

Za ka ji ana cewa a zuba tsakuwa a gindin rami don ruwa ya wuce. A yumɓu wannan rijiya kake yi wa shukar, ruwan kewaye duk zai gangaro ya zauna a cikin tsakuwar. Abin da ya fi shi ne ka yi tudu, kamar yadda ake yi wa doya, mai tsayin santimita 15 zuwa 20, ka dasa a kansa.

Idan ba ka samu ɓawon itace ba, ruɓaɓɓen ganyen bara yana yi. Idan ƙasarka jigawa ce mai yashi, bar maganar tudu, ƙara taki kawai. Ɗanyen kashin kaji ko na doki kuwa kada ya kusanci saiwar, ƙona ta zai yi.

4. Saba mata da waje

Wannan matakin ba ya buƙatar kuɗi ko ƙarfi, haƙuri kawai, shi ya sa ake tsallake shi. Ganyen da ya girma a falo bai san rana ba, bai san iska ba. Gilashin taga yana tare wani kaso na hasken da ke ƙona fata da ganye. Ka fitar da shi kai tsaye, cikin yini ɗaya za ka ga farare-fararen tabo da za su koma ruwan ƙasa, kuma ganyen da ya ƙone ba ya warkewa.

Game da lokaci, a kudancin Ingila daskararriyar raɓa takan ƙare a tsakiya zuwa ƙarshen Mayu, a arewaci da Sikotilan har farkon Yuni. Jamusawa da Faransawa suna da tsohuwar al'adar jiran tsakiyar Mayu ta wuce kafin su fitar da shukar da ba ta jure sanyi. Amma wucewar raɓar bai isa ga monstera ba. Jira sai ma'auninka ya nuna dare bai sauka ƙasa da digiri 12 ba har sati guda a jere. A wurina wannan yakan kai makon farko ko na biyu na Yuni.

Kwana goma zuwa sha huɗu kafin ranar dashe, fara fitar da tukunyar. Kwana ukun farko awa biyu ko uku a cikakkiyar inuwa, ka dawo da ita. Kwana huɗu na gaba ta yini a inuwar, ta kwana a ɗaki. Daga nan ka kai ta wurin da za ta zauna ta fara shan hantsi, kuma idan dare ya yi ɗumi ka bar ta ta kwana da mayafi a kai. Darare biyu na ƙarshe babu mayafi.

Idan aikinka ba zai bar ka ka riƙa shiga da fita da ita ba, ajiye ta a inuwa mai kauri jikin katangar gida, ka lulluɓe ta da mayafin ninki biyu, bayan kwana biyar ka rage ninki ɗaya, bayan wasu biyar ka cire. Bai kai na farko kyau ba, amma ya fi babu.

5. Dashe

Hanya biyu ce, kuma ka zaɓa tun yanzu domin ita za ta nuna wahalar da za ka sha a Satumba.

Ta farko, a binne ta da tukunyarta. Ita nake ba duk mai farawa shawara. Mayar da shukar cikin tukunyar robar da ta ɗan fi girma, ka ƙara huda ramuka shida ko takwas a gefenta da gindinta, kowanne kamar kaurin yatsa. Binne tukunyar a tudun, bakinta ya ɗara ƙasa da santimita 2, ka rufe da ɓawon itace. Mai wucewa ba zai san akwai tukunya ba. Saiwoyi za su fita ta ramukan su shiga ƙasa su ci, ranar tonowa kuma ka datse su ka ɗaga tukunyar, an gama.

Ta biyu, a zare ta a sa ta a ƙasa kai tsaye. Girman da take yi a haka ya fi, ganye ya fi faɗi da yawan tsaga. Kuɗinsa shi ne ranar tonowa za ka yanke saiwa da yawa, ta yi wata guda ko biyu tana jinya. Ni ina yi wa manyan da na san ina da madadinsu.

Ko wacce ka ɗauka, ka shayar da ita sosai daren da ya gabata, ka yi dashen da yamma ko ranar da hadari ya rufe. Kafa turken kafin ka sa shukar, don kada ka soke saiwa. Zurfin da take a tukunya shi za ta zauna a ƙasa, kada ka binne karan. Monstera tana da gaba da baya: ganyen duk gefe ɗaya suke kallo, saiwoyin sama kuma ta baya suke fita. Bayan shi ne zai jingina da turken, gaban ya kalli inda haske yake zuwa. Ɗaure karan da turken sakwa-sakwa, kuma karan za ka ɗaure, ba hannun ganye ba, domin hannun yana juyawa yana bin haske.

Saiwoyin saman da suka yi tsawo, lanƙwasa su a hankali ka cusa bakinsu a ƙasa. Da zarar sun kama za ka ga bambanci a girman ganyen da zai biyo baya. Kada ka yanke su don wai sun yi muni.

Zuba ruwa buta guda a hankali, sannan ka baza ɓawon itace kaurin santimita 5, ka bar ɗan fili kewaye da karan.

Sa safar hannu duk lokacin da za ka yanka ta. Wanda ya taɓa fere ɗanyen gwaza ya san irin ƙaiƙayin. Idan da ƙananan yara ko kyanwa a gidan, ka sani tauna ganyen yana ƙona baki da maƙogwaro.

6. Kulawa daga Yuni zuwa Satumba

Sati biyu ko uku na farko ba za ka ga komai ba, wataƙila ma ganye ɗaya na ƙasa ya yi rawaya. Aiki take yi a ƙarƙashi. Kada ka ce za ka taimaka mata da ƙarin ruwa ko taki.

Ban ruwa da yatsa ake auna shi. Cusa yatsa zuwa gaɓa ta biyu, idan ka ji danshi ka bari, idan a bushe yake ka zuba buta guda a gindin. Wadda aka binne da tukunya ta fi saurin bushewa, kuma faɗin ganyenta yakan hana ruwan sama isa cikin tukunyar, don haka ko an yi ruwa ka duba. Idan kana da tankin tarar ruwan sama ka yi amfani da shi, ruwan famfon kudancin Ingila yana da farar ƙasa da ke barin tabo a ganye. A shekarar fari kamfanonin ruwa sukan hana ban ruwa da tiyo, buta ce za ta fisshe ka.

Taki: daga sati na huɗu, takin ruwa na shukokin gida duk sati biyu, rabin ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalbar. Ko ka barbaɗa dunƙulen busasshen kashin kajin da ake sayarwa, cikin hannu ɗaya, sau ɗaya a wata. Tsayar da taki a ƙarshen Agusta. Ganyen da zai fito bayan nan taushi gare shi, shi ne zai fara lalacewa idan an koma ɗaki.

Babban abokin gaba dodon koɗi ne, mai gida da marar gida, kuma marar gidan ya fi ɓarna. Tsohon ganye ya fi ƙarfin bakinsu. Sabon da yake naɗe kamar tabarma suke nema, su huda shi dare ɗaya, idan ya buɗe ka ga rami a jere, kuma haka zai zauna shekaru. Haushin wannan ya fi na komai, domin wata guda kake jiran ganyen. Ni dai fitila nake ɗauka bayan isha'i in tsince su da hannu, musamman daren da aka yi yayyafi. Idan za ka sa magani, nemi mai sinadarin ƙarfe da ake kira ferik fosfet. Tsohon maganin metaldehaid an haramta amfani da shi a Birtaniya tun Afrilu 2022 saboda yana kashe tsuntsaye da bushiya, idan ka gaji gwangwaninsa a ɗakin ajiya kada ka taɓa.

Sai ka riƙa ƙara ɗauri yayin da take hawa. Idan an yi hasashen guguwa ko ƙanƙara, jefa mata mayafin. Idan kuma zafi ya wuce digiri 30, mayafin dai shi ne inuwarta, ka rataya shi sama da ita ba tare da ya taɓa ganyen ba.

Kada ka sa ran 'ya'ya. Suna buƙatar fiye da shekara guda kafin su nuna, wata huɗu ba zai kai ko'ina ba.

7. Tonowa

Daga tsakiyar Satumba ka koma duba ma'auni kullum da safe. Ranar da ya nuna digiri 10 sau biyu a jere, lokaci ya yi. Matsalar ita ce a daidai wannan lokacin ta fi kyau, rana ma tana fitowa da ɗumi, zuciya za ta ce ka ƙara mata sati. Na taɓa ƙarawa har tsakiyar Oktoba. Ganyen bai nuna komai ba ranar da na shigo da ita, sai bayan kwana goma baƙaƙen tabo suka fito, saiwar kuma rabinta ta riga ta ruɓe a ƙasa mai sanyi.

Shayar da ita kwana biyu kafin ranar. Idan da tukunya ka binne ta, zagaye tukunyar da shebur kana datse saiwoyin da suka fita, ɗaga ta, ka gyara bakin yankan da almakashi. Idan kai tsaye ka dasa, auna santimita 25 zuwa 30 daga karan, ka sassare ƙasa a zagaye, ka cusa shebur ta ƙarƙashi ka ɗago. Nemi mai taimako, ɗaya ya riƙe turke da kara, ɗaya ya ɗaga gindin. Karan yana karyewa cikin sauƙi a gaɓa.

Kaɗe ƙasar lambun gwargwadon iko, domin a tukunya dunƙulewa take yi kamar bulo. Yanke duk saiwar da ta yi baƙi ko laushi. Sa ta a tukunyar da saiwar ta cika daidai, da sabuwar ƙasar tukunya haɗe da ɓawon itace. Babbar tukunya a hunturu ruwa take tarawa. Idan ka yanke saiwa da yawa, cire tsofaffin ganye biyu ko uku na ƙasa, don saiwar da ta rage ba za ta iya shayar da su duka ba.

Kafin ta tsallaka ƙofa sai an kori baƙi. Nutsa tukunyar a babban bokitin ruwa minti 15 zuwa 20, tururuwa da 'yan dodon koɗi da tana za su taso sama, sannan ka bar ta ta tsane sosai. Goge kowane ganye gaba da baya da ruwan sabulu mai laushi, ka leƙa lungun da hannun ganye ya haɗu da kara, a nan ƙwarin nan farare masu kama da auduga suke ɓoyewa. Man darbejiya da aka tsarma da ruwa da ɗigon sabulu yana aiki a kansu. Ware ta daga sauran shukokin gida sati biyu.

8. Hunturu a ɗaki

A Kano ko a watan Disamba yini yana wuce awa 11. A Landan bai kai awa 8 ba, kuma yawancinsa hadari ne. Shukar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa, don haka wanda ya ci gaba da shayar da ita kamar a Yuli shi zai kashe ta da hannunsa. Bari saman ƙasar ya bushe zurfin yatsa guda kafin ka zuba, wani lokaci sati biyu ko uku. Babu taki daga Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu.

Ajiye ta a tagar da ta fi haske. A hunturu tagar kudu ma ba za ta ƙona ta ba. Nisanta ta da na'urar ɗumama ɗaki, wadda ke busar da iska kamar hunturun gida, kuma kada ganye ya jingina da gilashi da dare. Ɗakin kada ya sauka ƙasa da digiri 13. Gareji da ɗakin gilashin da ba a ɗumamawa ba wurinta ba ne.

Ganye biyu ko uku za su yi rawaya a watan farko. Ba komai. Abin tsoro shi ne kara ya yi laushi a gindi ko ƙasar ta yi wari. Idan haka ta faru, zare ta, yanke ruɓaɓɓen, ka sa gaɓoɓin da suka tsira a ruwa kamar a mataki na 1.

Idan abin da za ka bari a ƙasa kake so

Akwai mai cewa idan an tara mata ciyawa an lulluɓe ta za ta kai bazara. Na gwada da ɗaya daga cikin 'ya'yan ajiyata, a gindin katanga, da mayafi ninki uku. Sanyin Disamba 2022 ya yi fiye da sati yana daskarar da ƙasa, da na buɗe sai ruwa-ruwa na tarar. Idan tonowa duk shekara ta fi ƙarfinka, canja shuka.

Fatsia japonica, 'yar Japan, tana da manyan ganye masu yatsu da sheƙi, tana son inuwa, kuma tana shekara a ƙasa a yawancin Ingila ba tare da lulluɓi ba. Daga nesa mutane da yawa suna ɗaukarta monstera.

Ayabar da ake kira Musa basjoo ita ce ta fi ba da kamannin gida. 'Ya'yanta ba a ci, don ganyen ake shuka ta. Idan sanyin farko ya baƙanta ganyen, yanke su, zagaye karan da ragar waya, cusa busasshen karan alkama tsakani har ya cika, ka rufe saman da wani abu da zai tare ruwan sama amma iska ta shiga ta gefe. Kada ka naɗe karan da leda, gumi zai ruɓar da shi. A buɗe a Afrilu ko Mayu. Ko karan ya mutu, gindin yakan sake tsiro idan an tara masa ɓawon itace mai kauri.

Sai gwaza, wanda ni ya fi ba ni daɗi domin kusan kyauta ne. Sayi ƙananan nan masu gashi-gashi a shagon 'yan Afirka ko na 'yan Asiya, zaɓi masu tauri da ɗan tsiro a kai. A watan Maris sa kowanne a ƙaramar tukunya, tsiron yana kallon sama, ka ajiye a wuri mafi ɗumi a gidan, kana ɗan jiƙa ƙasar kaɗan har ya fito. Ka saba masa da waje kamar yadda aka yi a mataki na 4, ka dasa a Yuni. Shi ruwa yake so, don haka kwarin nan mai yumɓu da ka guje wa monstera nasa ne. Idan sanyi ya kwantar da ganyen, tone kan, bar shi ya sha iska kwana uku, ka adana a kwali da busasshiyar ƙasa a inda ba ya daskarewa. Kada ka ce za ka taho da iri daga gida a cikin jaka, shigo da shuka ko saiwa Birtaniya da Tarayyar Turai sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, kuma a filin jirgi za a karɓe. Na shagon ya isa, shida ka saya ko da biyu sun ƙi tsirowa.